Tambaya da Amsa: A-kori-kurar Babana Tana Yoyon Baƙin Mai, In Sauke Injin ko In Haƙura?

TAMBAYA

Ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Kabo. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Fijo 504 a-kori-kura ƙirar Kaduna, wadda ya saya tun kafin a haife ni, kuma yanzu ni ke riƙe da ita. Da kaka ina kai masara da dawa Dawanau, da rani kuma tumatir da albasa na 'yan lambu zuwa 'Yan Kaba. A mako nakan shiga Kano sau uku. Da ita muke ci, da ita ƙannena ke karatu.

Damuwata ita ce baƙin mai. Galan ɗaya mai lita 4 ba ya kai ni mako biyu. Duk inda ta kwana sai na tarar da tabo kamar tafin hannu a ƙasa, injin kuma ya yi baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa. In na yi tafiya mai nisa ina jin ƙaurin mai, kuma kwanan nan kuloci ya fara karkarwa in zan tashi da kaya. Sau biyu ana canja mini fakin murfin sama, na biyun har da gam aka cika shi, amma bai yi wata ɗaya ba ya dawo. Wani makanike ya ce in koma mai mai kauri. Wani ya ce sai an sauke inji. Wani kuma ya ce in daina wahalar da kaina, in sayi inji ɗan Beljiyam, ko in sayar da ita gaba ɗaya. Abokan aikina a tasha cewa suke yi tsohuwar mota dama haka take, in riƙa sayen mai na kwalba ina ƙarawa. Don Allah ina gaskiyar take? Ba na son rabuwa da motar nan.

Daga wani mai karatu, Kabo, Jihar Kano.

AMSA

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari, kai kuma ya saka maka da alheri bisa riƙon ƙannenka.

Ɗan'uwa, kada ka sauke injin nan yanzu, kada ka sayi wani, kuma kada ka yarda da maganar 'yan tasha. Dukan waɗanda suka ba ka shawara, da mai cewa a ƙara kauri da mai cewa a sauke, babu wanda ka ce ya wanke injin ya duba inda man ke fitowa. Ba a yanke hukunci a kan inji mai baƙi daga sama har ƙasa, domin ido ba ya iya rarrabe sabon mai da na bara a jikinsa.

Bari mu yi lissafi da abin da ka faɗa. Lita 4 a mako biyu, lita 2 ke nan a mako. Ko da mun ƙaddara kana cin kilomita 400 a mako, hakan ya kama lita 5 a kowace kilomita 1,000. Kamfanonin mota da yawa, in an matsa musu, iyakar abin da suke yarda inji ya ci shi ne wajen lita ɗaya a kilomita 1,000. Taka ta ninka wannan sau biyar. Wannan ya wuce a ce tsufa ne.

Akwai kuma wani abu a cikin lissafin. Lita ɗaya ta kai ɗigo kusan 20,000. Tabon da kake gani da safe, mai faɗin tafin hannu, bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. Ko kullum yake ɗiga haka, ba zai kai ko kusa da lita 2 a mako ba. Ashe mafi yawan man ba a ƙofar gidanku yake zuba ba. Yana tafiya ne lokacin da injin ke aiki, tsakanin Rimin Gado da Kabuga: ko dai ana tunkuɗo shi waje da ƙarfi iska na kwashe shi, ko kuma injin na ƙona shi yana fita ta salansa, ko duka biyun. Ka riƙe wannan, shi ne zai kai mu ga abin da nake zargi.

Motar da ke hannunka ba abin rainawa ba ce. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, kuma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975. A wannan shekarar ce kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa motoci, ya ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, sama da shekara 20 bayan an daina ƙera ta mai ƙofa huɗu a Turai. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne ƙasar nan cike take da kayanta da kuma mutanen da suka san cikinta. Da wuya ka nemi wani abu na injin 504 a Ƙofar Ruwa ka rasa. Injin kansa mai sauƙi ne: gangar jikinsa ƙarfe, kansa alminiyom, sarƙa ce ke juya masa kamshaf, kuma silindojinsa ba a jikin gangar aka huda su ba, bututai ne da ake zarewa a sa sabbi, waɗanda makanikai ke kira silif. Za mu dawo kan silif ɗin nan.

Aikin farko wanki ne. Ka bari injin ya huce sarai. Ka ɗaure leda a kan distributa da kafireto, ka samu kananzir ko gas da buroshi, ka goge shi tun daga murfin sama har kwanon da ke ƙasa, da gaban giya, da bayan inji inda ya haɗu da gidan kuloci. Ka bi da ruwan omo, ka ɗauraye, ka bar shi ya bushe. Ban da fetur, ina roƙonka. Garejin da suka ƙone saboda wankin inji da fetur ba su da adadi. Kuma kada a yi wannan wanki a bakin dam ko rafi. 'Yan lambun da kake ɗaukar wa tumatir da ruwan Guzuguzu da makamantansa suke ban-ruwa, kuma hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man juye na mota ɗaya yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwa. Ka shimfiɗa buhu da toka ko ƙaiƙayi a ƙarƙashi su shanye dattin.

In ya bushe, sai ka barbaɗa farar hoda irin ta jarirai a wuraren da ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ka tayar da injin, ka bar shi ya yi zafi na minti 15 zuwa 20 a tsaye, kana haska shi da tocila. Sabon mai yana zana baƙin layi a kan hoda. In bai nuna ba, ka yi 'yar gajeriyar tafiya ka dawo ka sake dubawa. Abin da kake nema shi ne wuri mafi tsayi kuma mafi gaba da ya jiƙe. Mai ƙasa yake gangarowa, iskar fanka da ta tafiya kuma baya take kora shi. Shi ya sa kusan kowane yoyo, ko daga ina ya taso, a ƙarshe ƙarƙashin gidan kuloci yake ɗiga, kuma shi ya sa ake yawan sauke giya a canja sil ɗin baya alhali laifin yana can sama. Da dare ka sa farin kwali a ƙarƙashinta, ka yi alamar inda tayoyin gaba suke, da safe ka ga daidai ina ɗigon ya sauka da kuma launinsa. Baƙi na inji ne. Wanda ya fi tsabta, mai ruwan zuma, daga tsakiyar mota, mai yiwuwa na giya ne. Mai kauri mai wari mai hawa kai, daga baya, na aksul ne.

Yanzu ga abin da nake zargi, kuma a kansa nake so ka fi natsuwa. Ka ce sau biyu ana canja fakin murfin sama yana dawowa. Sabon fakin da ya kasa yin wata ɗaya, sau da yawa ba shi ne mai laifi ba. Kowane inji, ko sabo ne, wani ɗan hayaƙi yana kuɓuce wa zobban fistan, wato ringi, ya sauka cikin kwanon mai. Maƙera sun san da haka, sai suka yi wa injin hanyar numfashi: 'yar raga ta waya da ke tare tururin mai, da tiyo da ke mayar da hayaƙin wajen kafireto a ƙone shi. A tsohuwar mota abu biyu ke faruwa tare. Ringi ya cinye, hayaƙin da ke sauka ya ƙaru. Ragar da tiyon kuma sun toshe da daskararren datti na shekaru, ko kuma wani ya taɓa ganin tiyon yana tsiyaya ya lanƙwashe shi ya ɗaure da waya, yana ganin ya yi gyara. Kamar tukunya ce a kan wuta da aka danne murfinta da dutse: tururin ba zai fasa fita ba, sai dai ya nemi inda ya fi rauni. A inji, inda ya fi rauni shi ne fakin da sil. Ka toshe nan ya ɓulle can.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. Injin yana zafi yana aiki a tsaye, ka buɗe murfin da ake zuba mai. Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne. In kuwa yana fitar da hayaƙi fuf-fuf kamar salansa, har yana tofo maka mai a hannu, to akwai matsi a ciki. Ka duba gejin mai kuma: in kana tarar da shi ya ɗago daga mazauninsa bayan tafiya, ko bakinsa kullum a jiƙe, alamar ɗaya ce. Sai a cire tiyon numfashin da ragar, a jiƙa su cikin kananzir, a wanke har ka iya busa iska ta wuce ba tare da wahala ba. Tiyon da ya ƙandare ko ya narke a sa sabo. Ka buɗe gidan matatar iska ma, in ka tarar da mai kwance a wurin da bai kamata ba, ya ƙara tabbatar da zargin. Tsofaffin motoci da yawa, da an buɗe musu numfashi, rabin yoyonsu yake tsayawa ba a taɓa fakin ko ɗaya ba. Ina jin takaici in ga talaka ya biya kuɗin sauke inji saboda tiyon da bai kai tsawon kamu biyu ba.

Daga nan sai a bi wuraren yoyo daga sama zuwa ƙasa, daga mai araha zuwa mai tsada.

Murfin sama shi ne na farko, kuma a 504 yana da nasa hali. Injin a kishingiɗe yake, an karkatar da shi gefe da digiri 45 don bonet ya yi ƙasa, saboda haka mai yana kwanciya a gefen murfin na ƙasa yana danna fakin ɗin kullum. In ya tsattsafo daga nan yana samun ƙarfe mai zafi, kuma ina kyautata zaton ƙaurin da kake ji ke nan. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗauri. Yaron gareji yana ganin ƙarfin sifana ne maganin yoyo, sai ya murɗa har murfin ya lanƙwashe, fakin ya matse ya tsage. A ɗora murfin a kan gilashi ko wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe a ga ko bakinsa yana zaune daidai; in ya karkace a daidaita shi ko a nemo wani a Ƙofar Ruwa. A kankare tsohon gam tas, a goge bakin biyu su bushe, a sa fakin mai kyau, a ɗaure a hankali, kaɗan nan kaɗan can. Filogin wannan inji a cikin bututai suke zaune waɗanda suka ratsa murfin, kowane da 'yar robarsa. In ka zare wayar filogi ka ga ta jiƙe da mai, robobin nan ne, kuma tare da fakin ake canja su.

Maganar gam kuwa, ina da ƙorafi a kanta. Gam yana da wurinsa: ɗan ɗigo a kusurwa, inda ƙarafa uku suka haɗu. Amma abin da kake gani ya bultso waje in an cika shi, kwatankwacinsa ya bultso ciki. Zafi da mai su ɓantare shi, ya gangara kwano, ya je ya manne a ragar da famfon mai ke tsotsa ta cikinta. Ranar da ragar ta toshe, mai ya daina kai wa metal, inji ya buga. Tunda an cika maka gam, duk ranar da aka buɗe kwanon ƙasa ka tsaya da kanka a wanke ragar nan a gabanka.

Sai ƙananan abubuwa da ake rainawa, waɗanda kuma su ne suka fi dacewa da lissafin da muka yi, domin yawancinsu ba sa zuba sai inji na aiki. Akwai ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar mai a dashbod. In robarsa ta tsage, mai yana fita ta tsakiyarsa da ƙarfin famfo, yana iya zubar da lita a tafiya ɗaya, kuma kuɗinsa bai kai na galan ɗin mai ba. Akwai filta: ko ba ta ɗauru ba, ko tsohuwar robar ta manne a jikin inji aka ɗora sabuwa a kanta, ko kuma jabu ce. Filta da hannu ake ɗaure ta, bayan an shafa wa robarta mai. Akwai famfon fetur da ke manne a gefen ganga, shi ma yana da fakin. Shi wannan yana da wata illa ta daban: in fatar cikinsa ta huje, fetur yana sauka cikin mai. Ka shinshina gejin. In kana jin warin fetur, man kuma ya yi ruwa-ruwa, a gyara famfon a yi juye nan take, don mai da ya tsinke ta kowace kafa fita yake yi. Sannan notin juye da ke ƙasan kwano: yana da washa ta tagulla da ya kamata a riƙa sabuntawa, amma a garejinmu sai ta shekara goma, in ta gaji a naɗa zare ko leda. Shi kansa kwanon, motar da ke shiga gonaki da hanyoyin ƙauye da kaya ba ta rasa dukan dutse. A duba ko ya lotsa ko ya yi 'yar tsaga.

Na gaba shi ne gaban inji, bayan fulin da fambel ke juyawa. In can ne, za ka ga fanka ta fesa mai ko'ina, har cikin bonet da jikin lagireto. Kafin a sa sabon abu a duba wuyan fulin da farce. In shekaru sun ci masa zobe, sabon sil ba zai kama ba, sai an canja fulin.

Na ƙarshe, mafi tsada, shi ne bayan karanshaf, kuma karkarwar kulocinka ce ta sa ba zan ce maka babu shi ba. Farantin kuloci da ya sha mai yana karkarwa, daga baya ya fara sulɓi a hawa da kaya. Amma a tabbatar tukuna. In bayan wanki saman injin da bayansa sun zauna a bushe, mai kuma yana fitowa daga cikin gidan kulocin kansa, to daga ciki ne. Ko a nan ma akwai tambaya, domin giya ma tana da nata sil ta gaba. Launin man zai faɗa maka, na inji baƙi, na giya mai tsabta. Ka sani kuma injinan wancan zamani ba duka ke da zoben roba a baya irin na motocin yau ba. Wasu wata igiya ce ake dannawa cikin tsagi, wasu kuma zare ne aka sassaƙa a jikin ƙarfen yana mayar da mai ciki in yana juyawa, ga kuma 'yan robobi a gefen murfin metal na ƙarshe. Irin waɗannan ba sa jure matsin hayaƙi ko kaɗan, kuma sa su daidai sai wanda ya saba. Kada ka ba wanda a kan Golf da Toyota ya koyi aiki. Ka nemi tsohon makaniken Fijo, a Gwarzo ko a cikin birni, irin wanda zai faɗa maka wane iri ne a injinka tun bai buɗe ba. Ya kuma gwada ko karanshaf yana wasa, domin in metal ya cinye, duk abin da aka sa a baya ba zai daɗe ba. Faranti da ya sha mai ba a wanke shi a mayar, sabo ake sawa.

To yaushe ne mai cewa a sauke inji yake da gaskiya? In an buɗe numfashi, an gyara na sama, amma bakin zuba mai bai daina hayaƙi ba, salansa kuma tana fitar da shuɗin hayaƙi in ka taka da kaya. Shuɗi na 'yan daƙiƙu da safe kawai, ko bayan doguwar gangara, yawanci daga bawul ne, aikin kan inji ne, ba sai an sauke duka ba. Wanda ba ya yankewa shi ne na ringi. Kada a tsaya kan zato: akwai agogon gwada matsin silinda, ana cire filogi a ɗaura shi a ramin. A rubuta lambar kowace silinda huɗun. In sun yi kusa da juna, bambancin bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, kuma ba su faɗi ƙasa sosai ba, injin yana da sauran rai. In ɗaya ta faɗi, a zuba mata cokali ɗaya na mai a sake gwadawa; in lambar ta tashi, ringi ne, in ba ta motsa ba, bawul ne ko fakin kai. Makaniken da ya ce a sauke inji amma ba shi da wannan agogo kuma bai yarda a aro ba, ka yi masa godiya ka tafi.

In ta tabbata ringi ne, a nan silif ɗin da na ambata zai yi maka rana. Ba sai an kai ganga an rarake ta ba; ana sayen saiti guda, silif da fistan da ringi, a haɗa da metal da cikakken fakin, injin ya dawo kusan sabo. Abu ɗaya za ka sa wa ido: duk lokacin da aka cire kan wannan inji, kada a juya karanshaf sai an danne silif ɗin da ƙarfe. In suka motsa, abin da ke tare ruwa a gindinsu ya saki, sai ka ga mai ya koma kamar madara. Ni a ganina gyaran naka ya fi sayen ɗan Beljiyam. An daɗe da daina ƙera wannan inji a Turai, saboda haka duk wanda za a sayar maka shi ma tsoho ne, ba ka san wahalar da ya sha ba, kuma nasa robobin sun bushe a ajiye. Naka kuwa ka san tarihinsa tun daga hannun mahaifinka.

Batun mai mai kauri yana da 'yar gaskiya a ciki. Tsohon inji a zafinmu, inda watan Afrilu ke haura digiri 40, mai lamba 20W-50 ne ya dace da shi, ko SAE 40 da aka saba. Siririn mai na motocin zamani ba nasa ba ne. Amma wuce haka, kamar haɗa shi da man aksul ko wasu ruwaye masu danƙo, yana rage ɗigo ne ya kuma hana mai isa sama da wuri in an tayar da safe, musamman da hunturu. Magungunan gwangwani da aka ce suna tsayar da yoyo roba kawai suke kumburawa na ɗan lokaci, ba abin da suke yi wa takarda ko igiya ko ƙarfen da ya tsage. Kada kuma ka cika mai ya wuce layin sama don gudun ƙarewa. Karanshaf zai riƙa kaɗa shi yana kumfa, yoyon ya ƙaru.

Man kwalba na bakin hanya kuwa, ka rabu da shi. Ban ce duk masu sayarwa macuta ba ne, amma ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki, kuma sananne ne ana tace tsohon man juye a sake sayarwa, ana kuma sayar da ɗanyen mai da ba a haɗa masa sinadaran da ke kare inji ba. Hukumar SON ta sha kama irin wannan. Ka sayi galan a rufe daga wurin da ka amince, ka ajiye a bayan kujera. Kuma ƙari ba ya maye gurbin juye: dattin yana nan a ciki. A irin aikinka, da ƙura da kaya, kada ka wuce kilomita 3,000 zuwa 4,000 ba ka yi juye da sabuwar filta ba. Matatar iska ma ka riƙa duba ta duk mako da hunturu, domin ƙurar da ta wuce ta ita ce ke cin ringi tun farko. Lodin da ya wuce kima da injin da ake bari yana tafasa su ne ke ƙona roba ta ƙandare.

Akwai yoyo ɗaya da ba na so ka jira ko kwana ɗaya a kansa, ko da yake ba ka ambace shi ba. Ka leƙa bayan tayoyin baya, ta ciki. In ka ga mai ya jiƙa gangar birki, sil ɗin aksul ne ya saki, kuma man yana kan takalmin birki. Mota da buhu goma sha a baya, a cunkoson Janguza ko Kabuga, da birki mai santsi, wannan maganar rai ce. Aksul ma yana da 'yar hudar numfashi a samansa da laka ke toshewa. A buɗe ta, a canja sil da takalman. Haka nan in ruwan da ke ɗiga fari ne mai santsi kuma kofin man birki yana raguwa, motar kada ta fita.

Ba zan yi maka alkawarin inji mai shekara kusan 40 zai bushe ƙayau kamar sabo ba. Ɗan gumi da ƙura ke mannewa a kai, wanda ba ya ɗiga kuma ba ya rage geji, ka bar shi. Abin da muke nema shi ne ka yi daga juye zuwa juye da ƙarin lita ɗaya ko biyu, kuma wannan mai yiwuwa ne. Kafin nan, kullum da safe, a shimfiɗaɗɗen wuri, kafin ka murɗa makulli, ka zare geji. Ka tabbatar jar fitilar mai tana kamawa in ka kunna, tana mutuwa in inji ya tashi. In ba ta kamawa gaba ɗaya, a gyara ta a wannan makon. In ta kama kana tafiya, ka sauka gefe ka kashe nan take, ko da garin na gaba kana hango shi.

Ka ware ranar da ba ka da lodi ka yi wankin da gwajin murfin mai, ka sa a wanke numfashin, sannan ka yi mako biyu kana rubuta abin da ka ƙara a takarda. In an kai ga gwada silinda, ka aiko mana da lambobin huɗu da inda hoda ta nuna, mu duba tare kafin ka biya kowa kuɗin sauke inji. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa.